Zauren Ƙungiya: Kuɗinmu Na Asusun Ma'aji, Lissafi Ya Ƙi Fita

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu daga shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin matasa da na taimakon kai-da-kai suka zo. Mun taƙaita su, mun kuma cire sunayen mutane da na ƙungiyoyi kamar yadda muka saba.

Tambaya: Mu 64 ne a ƙungiyarmu, kowa na biyan N500 a wata, kuɗin kuma asusun ma'ajinmu na kansa suke shiga. Da muka tashi gyaran famfon unguwa sai ya ce N118,000 suka rage, alhali a lissafinmu sun haura N200,000. Abokinmu ne tun firamare. Yaya za mu yi? (Sakataren wata ƙungiyar matasa, Funtuwa)

Amsa: Malam Sakatare, kafin a kira mutum ɓarawo a fara sanin abin da ya shiga hannunsa. Ka ce "a lissafinmu", to a wane littafi lissafin yake? Mutum 64 a kan N500 ya kama N32,000 a wata, amma sai in kowa ya biya, kuma da wuya ka sami ƙungiyar da kowa ke biya a kan kari. Sau da yawa abin da 'yan ƙungiya ke riƙe da shi a ka shi ne abin da ya kamata a tara, ba abin da aka tara ba.

Ku zaɓi mutum uku da ba sa cikin shugabanni, ku ba su mako biyu. Ma'aji ya karɓo takardar shige da ficen asusunsa daga banki, tun daga watan da ya fara karɓar kuɗin, su zauna tare su ja layi ƙarƙashin duk kuɗin da ya shigo daga ɗan ƙungiya. Kowa ya kawo shaidar biyansa, ko hoton tura kuɗi da ke wayarsa, ko wanda ya ga ya miƙa hannu da hannu. Daga nan a koma kan abin da ya fita, a nan kuwa za ku sha mamaki. Hayar kujeru, ruwan leda, kuɗin babur na wanda aka aika sakateriya, gudummawar da aka kai gidan rasuwa, da N15,000 ɗin da shugaba ya bugo waya ya ce "ba wa wane, ƙarshen wata zai dawo da su". Ba wanda ya rubuta ko ɗaya, kuma duk a wuyan ma'aji suka rataya. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan a kwatanta shi da abin da ke hannun ma'aji, bambancin shi ne giɓin gaske.

In giɓin ya tabbata, galibi kuɗin ƙungiya ne suka cuɗe da jarin shago, ko aka taɓa su da niyyar mayarwa. Wannan bai wanke shi ba. A rubuta yarjejeniya: nawa ne a kansa, nawa zai riƙa biya duk wata, ranar nawa ga wata, wa ya tsaya masa. Ya sa hannu, wanda ya tsaya masa ya sa, shaidu biyu su sa, a gaban mai unguwa in da hali. Ya sauka daga muƙamin a ranar, ba sai ya gama biya ba. Kada a kai maganar Facebook ko a yaɗa ta a zaurukan WhatsApp; wanda aka tozarta a bainar jama'a ba ya biya, kuma yana iya juyowa ya kai ku ƙara a kan ɓata suna. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma takardar nan da ya sa wa hannu ita za ta tsaya muku in an kai can.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku kuka bar mutum ɗaya yana karɓa, yana ajiyewa, yana kashewa, yana kuma ba da rahoton kansa. Ko waliyyi aka ɗora a kan wannan tsari sai an zarge shi. Ku raba aikin hannu uku. Sakataren kuɗi shi ke karɓa ya yanka rasit, daga littafi mai lamba a jere mai kwafi a ƙasa. Ma'aji shi ke kai wa banki, kada kuɗi su wuce kwana biyu a hannunsa. Shugaba shi ke amincewa a kashe, a rubuce a kan bauca, wato takardar izinin fitar da kuɗi, ba da baki ba. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa, kada kuma a haɗa wa da ƙani ko suruki da suruki a cikin ukun. Saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya. A ware ɗan abin kashewa na yau da kullum, misali N10,000, a hannun ma'aji; ba a ƙara masa sai ya kawo rasit ɗin na baya. A kowane taron wata a karanta lamba huɗu da babbar murya: abin da aka kwana da shi watan jiya, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ke banki yau, a kuma zagaya da takardar bankin kowa ya gani da idonsa. Rance daga asusun ƙungiya kuwa ku haramta shi gaba ɗaya. Masu son rance su kafa adashensu daban.

Tambaya: Muna da takardar rajista ta ƙaramar hukuma, amma banki ya ƙi buɗe mana asusu, wai sai mun kawo ta CAC. Dole ne? Me ake buƙata? (Shugabar wata ƙungiyar mata matasa, Gusau)

Amsa: Hajiya, kafa ƙungiya ba ya jiran kowace takarda, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin haɗuwa da wasu. Takardar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfaninta: da ita ake gane ku in za a raba tallafi ko a gayyaci ƙungiyoyi, wasu ƙananan bankuna ma suna buɗe asusu da ita. Abin da ba ta yi shi ne mayar da ƙungiya mai zaman kanta a idon doka, wadda za ta mallaki fili da sunanta, ta ƙulla yarjejeniya, ta yi ƙara ko a yi ƙararta. Wannan sai rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 da ake kira CAMA, a ɓangaren rajistar amintattu, wato mutanen da za su tsaya a madadin ƙungiya a gaban doka.

Ana farawa da neman suna. Ku tanadi biyu ko uku, don ana ƙin sunan da ya yi kama da na wata ƙungiya ko wanda zai sa a zaci hukumar gwamnati ce. Sai ku yi babban taro ku amince da kundin tsarin mulkinku, ku zaɓi amintattu, a rubuta bayanin taron, shugaba da sakatare su sa hannu. Doka ta ce amintattu su kai aƙalla biyu. Ba a sa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba, ko wanda aka taɓa samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekaru biyar da suka wuce. Bayan haka a buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, ɗaya daga ciki ta ƙasa baki ɗaya, ɗauke da sunan ƙungiya, sunayen amintattu da manufofinta, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. In babu, a kammala shigar da takardu ta intanet tare da katin shaida da hoton kowane amintacce. Kuɗin jarida da na lauya ko wakilin da zai bi muku sawun takardu su ne suka fi cin aljihu, don haka ku nemi a rubuto muku farashin kowane abu daban kafin ku biya. Da takardar ta fito, bankuna da yawa za su ƙara neman lambar haraji, da takardar SCUML, ofishin hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da BVN da NIN na masu sa hannu, da takardar matsayar taron da ya ce a buɗe asusun.

Abu uku ne mutane ba sa ji sai sun shiga. Na farko, amintattu ba ado ba ne. Da sunansu doka ta san ƙungiya, kuma canza ko mutum ɗaya daga cikinsu sai an sake taro, an sake buga jarida, an sake biyan kuɗi. Wanda kuka sa don kunya, ko don yana da kuɗi, ko mijin shugaba don ya yarda ta riƙa fita taro, ranar da aka ɓata da shi za ku gane tun ran gini ran zane. Uku ko biyar sun isa, waɗanda ke zaune a garin, masu ɗaga waya. Na biyu, rajista na zuwa da nauyin kai rahoton shekara-shekara ga hukumar, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. In an yi sakaci tara na taruwa, kuma a shafin hukumar za a ga ƙungiyar a matsayin wadda ba ta aiki, abin da mai ba da tallafi zai iya dubawa kafin ya amsa muku wasiƙa. Na uku, dukiyar ƙungiya ta daina zama taku. Ba a raba riba, kuma ranar da aka rushe ƙungiyar abin da ya rage bayan biyan bashi wata ƙungiya mai irin manufarku ake miƙa wa, ba a kasafta shi tsakanin mambobi. Don haka in ainihin abin da ya haɗa ku sana'a ce da rabon riba, kamar ɗinki ko sarrafa gyaɗa, rajistar ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar jiharku ta fi dacewa da ku. Masu karatunmu na Nijar su lura, wannan bayanin na Najeriya ne, tsarin can daban yake.

Tambaya: Bara mun yi gayyar yashe kwatocin unguwa, mutum sun fi 100 suka fito, amma ruwan farko da aka yi sai da ya shiga gidaje. Yanzu kowa ya yi sanyi. Ina kuskuren yake? (Jami'in ayyuka na wata ƙungiya, Kano)

Amsa: Ba mu ga aikin ba, ɗan'uwa, amma za mu iya cewa kusan da tabbaci ɗaya daga cikin biyu ne ya faru, ko duka biyun. Ko dai kun tara abin da kuka yaso a bakin kwata kun tafi, ko kun yashe layinku kun bar inda ruwan ke fita a toshe.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta unguwa washegarin gayya ya san tsibin nan: baƙin taɓo mai wari, cike da ledoji da robobin lemo da tsummokara, an jera shi tuli-tuli a gefen hanya. Kwana uku awaki sun tone, yara sun tattake, masu babur sun baje shi. Ruwan farko na sauka ya kwashe shi ya mayar inda aka ciro shi, a wannan karon ma a dunƙule. Kwashewa ita ce rabin aikin, kuma ita ke cin kuɗi, shi ya sa ake tsallake ta. Ba a sa ranar gayya sai an san motar da za ta kwashe da inda za ta zubar. A nan Kano ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB da sashen lafiya na ƙaramar hukumarku tun da saura mako uku, ku bi sawun takardar da ƙafa, ku kuma tanadi kuɗin hayar tifa ko masu kura ko da ba su zo ba. Taɓon na bukatar kwana ɗaya ko biyu ya tsane don ya yi sauƙin lodi, amma kada ya wuce haka.

Kafin ranar, mutum uku su bi kwatar da ƙafa daga farkonta har inda take zuba a babbar magudana, su rubuta inda ta toshe, inda ta rufta, da inda wani ya yi gini ko ya zuba dakali a kanta. Wannan na ƙarshen ba aikin matasa da diga ba ne. A kai wa mai unguwa, shi ya san yadda zai yi da mai gidan. Aiki daga ƙasa ake fara shi a hauro sama, don ruwan da ya kwanta ya sami hanya yayin da ake buɗewa. In kun fara daga sama, kan 'yan'uwanku na ƙasa kuke turo ƙazantar. In kuwa mafitar tana unguwar maƙwabta, to tare da su za a yi, ko a fasa. Lokacinsa kuma Afrilu zuwa farkon Mayu ne. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu ya fafe gora ranar tafiya.

Mutum 100 ba abin alfahari ba ne in shebur 12 kuka tanada. Abin da zai faru shi ne 12 na aiki, 88 na ɗaukar hoto. Ku raba kwatar gida-gida, kowane yanki mutum takwas zuwa goma da jagora ɗaya, da shebur huɗu, manjagara biyu, baro ɗaya ko biyu, suna karɓa-karɓa. A rubuta sunan duk wanda ya ɗauki kayan aiki, a soke in ya dawo da shi, in ba haka ba kayan aro za su zama bashi a kan ƙungiya. Safar hannu mai kauri da takalmin roba wajibi ne ga mai shiga ciki, don akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da allurai a cikin taɓon. A ajiye ruwa da sabulu da akwatin magani. Wanda ƙarfe ya yanka a wanke, a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus a ranar. Yara ba sa shiga kwata, su raba ruwan sha. Rufaffen kwalbati mai zurfi ko ramin masai kuwa, ba wanda zai shiga ko da ya rantse ya saba, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, kuma mai shiga ceto shi ne na biyun da ake fitarwa. A fara bayan asuba a tashi kafin rana ta take, awa uku sun isa.

Batun sanyin gwiwa, kada ku sake kiran gayyar unguwa duka. Ku ɗauki layi ɗaya bana, ku yi shi har kwashewa, damina ta yi muku shaida.

Tambaya: Taronmu na ƙarfe 4 ba ya farawa sai 5 da rabi, a yi ta musu har magariba a watse ba a tsayar da komai ba. (Wani mamba, Azare)

Amsa: Muddin ana jiran wanda ya makara, wanda ya zo da wuri ake hukuntawa, kuma wata mai zuwa shi ma zai makara. Ku rubuta a kundinku adadin da taro ke ƙulluwa da shi, kashi ɗaya cikin uku na masu biyan kuɗin wata ya wadatar, da sun cika a buɗe da addu'a ko shugaba bai iso ba, mataimaki ya ja. In minti 30 suka wuce ba a cika ba, a ɗage, a rubuta sunayen waɗanda suka zo. Sakatare ya tura ajanda kwana uku kafin taro, kada ta wuce batu huɗu, mai nauyi a sama, ba a ƙarshe lokacin da ake kallon rana ba. Kowa minti biyu, kuma ba mai magana sau biyu a kan batu ɗaya sai wanda bai yi ba ya yi. Shugaba shi ne na ƙarshen faɗin ra'ayi. In ya riga kowa, rabin zauren zai yi shiru don kunya, rabi ya yi musu don adawa.

Littafin taro ba wurin rubuta wane ya ce wane ya ce ba ne. Abu uku ake so a ƙarƙashin kowane batu: me aka tsayar, wa zai yi, zuwa yaushe. "Kwamiti zai duba" ba matsaya ba ce, sai an kama sunan mutum ɗaya. Taro na gaba da wannan shafin ake buɗe shi. Zauren WhatsApp kuma na sanarwa ne, ba a yanke hukuncin kuɗi ko na korar mutum a cikinsa.

Tambaya: Wani mai neman takara ya yi mana alkawarin N500,000 da rigunan ƙwallo, da sharaɗin a sa hotonsa a allon ƙungiya. Mun rabu biyu. (Ma'ajin wata ƙungiya, Birnin Kudu)

Amsa: Rabuwar da kuka yi tun kuɗin ba su zo ba ita ce farashin farko. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da hotonsa ya hau allonku, 'yan ɗaya jam'iyyar da ke cikinku sun zama baƙi, attajirin unguwa da ba ya tare da shi ya rufe aljihunsa, in kuma ya faɗi zaɓe wanda ya ci zai riƙa kallonku a matsayin yaran abokin hamayya har wa'adinsa ya ƙare. Akwai kuma doka: sashe na 221 na tsarin mulki ya ce ba wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a.

Wannan ba ya nufin ku ƙi kuɗin ɗan siyasa. Shi ma ɗan gari ne. Ku tsayar da ƙa'ida ɗaya a rubuce da za ta hau kan kowa: gudummawa ta shiga asusun ƙungiya, ba hannun shugaba a ɗakin otal ba, a yanka rasit, a faɗa a taro, a ba da takardar godiya irin wadda ake ba kowa, ba hoto, ba tambarin jam'iyya a riga ko a allo. Ya fi kyau ma ku nuna masa aiki, ku ce ga rijiyar burtsatse ta lalace, ga kuɗin gyara, ya biya mai gyaran kai tsaye. In ya ce sai da hoto, to talla yake saye, ku ba shi haƙuri. Duk shugaban da ya karɓi muƙami a kwamitin yaƙin neman zaɓe kuma ya ajiye na ƙungiya har a gama.

Tambaya: Muna so mu fara darasin yamma ga yaran unguwa, maza da mata, amma iyaye na ɗari-ɗari. (Wata ɗalibar kwalejin ilimi, Zariya)

Amsa: Suna da gaskiya, 'yar'uwa, ku ne za ku ba su dalilin sakin jiki. A yi darasin a wuri buɗaɗɗe da kowa ya sani, kamar ajin firamare ko Islamiyyar unguwa da izinin shugabanta, ba ɗakin wani ko shagonsa ba. Kowane yaro da takardar amincewar iyaye da lambar wayarsu. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, kullum manya biyu a wurin, ajin 'yan mata kuma da mace a ciki. Malami ba ya karɓar lambar ɗaliba. Saƙo ta wayar iyaye yake bi. A tashi kafin magariba, a kira suna a shiga da fita. Ku roƙi uwa ɗaya ko biyu da ake ganin girmansu su riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba. Yara 20 ga malamai biyu ku fara da su, kada ku buɗe ƙofa ga 80 a makon farko.

Tambaya: Shugabanmu shi ya kafa ƙungiyar shekara 11 da suka wuce, yanzu ya haura 45, kuma duk lokacin da aka ta da maganar zaɓe sai ya ce ba a shirya ba. Ba ma so mu ci masa fuska. (Wasu matasa, Kontagora)

Amsa: Ku fara duba kundinku. In ya faɗi wa'adi, magana ta ƙare, tunatarwa kawai za a yi. In bai faɗa ba, ko kundin ma babu shi, kada ku tunkari mutumin, ku tunkari giɓin. Ku kawo shawarar kafa kwamitin rubuta kundi, ku sa shi a ciki. A rubuta wa'adin shekara biyu, sau biyu kacal, da iyakar shekarun mai riƙe muƙami. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ɗauki matashi daga 15 zuwa 29, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka kuma 15 zuwa 35. Yawancin ƙungiyoyin unguwa 35 ɗin ta fi yi musu daidai, don ɗan 29 sau da yawa bai gama tsayawa da ƙafarsa ba.

Abin da ke hana irinsu sauka ba kullum son mulki ba ne. Mutum ya zuba ƙuruciyarsa da kuɗinsa, yana tsoron ranar da zai zo taro a rasa kujerar ba shi. Ku tanadar masa wurin sauka: uban ƙungiya, ko shugaban majalisar dattawanta, mai ba da shawara da shiga gaba in za a je gaban hakimi, amma ba ya sa hannu a banki. Maganar kuma kada ta fito daga bakin wanda ke son kujerar. A sami dattijo ko limamin da yake jin nauyinsa ya same shi a gida.

Zaɓen kansa, kwamitin mutum uku ko biyar da ba sa takara su gudanar. A rufe rajistar masu zaɓe wata ɗaya kafin ranar, a manna ta kowa ya gani, mai zaɓe sai wanda ya biya kuɗin aƙalla wata shida. In ba a yi haka ba, ana gobe zaɓe za ku ga ɗan takara ya biya wa mutum 30 da ba a taɓa gani a taro ba. Ku guji ƙato-bayan-ƙato. A unguwa ɗaya, wanda bai tsaya bayan maƙwabcinsa ba zai daɗe yana biyan bashin. Takarda da kwali sun isa, a ƙirga a gaban kowa.

Miƙa mulki a ba shi mako biyu, a yi shi a rubuce, tsohon da sabon su sa hannu a kan jerin kaya: takardar rajista ta asali, kundi, hatimi, littattafan rasit har da waɗanda aka cike, littafin taro, takardun fili in akwai, kujeru da lasifika da adadinsu, da basussukan da ake bin ƙungiya da waɗanda take bi. A rubuta wa banki a canza masu sa hannu a cikin makon, da kwafin bayanin taron zaɓe. Sai abin da aka fi mantawa: layin wayar da saƙon banki ke shiga, adireshin imel ɗin da aka yi rajistar CAC da shi, da lambobin sirrin shafin Facebook. In duk da layin tsohon shugaba aka buɗe su, ku sayi layi na ƙungiya tun yanzu, a mayar da su kansa yana nan ana dariya da shi, a ajiye wayar a hannun sakatare.